Tutocin da Na Ƙi Yankawa

Kawu,

Ina gaisuwa. Yaya iyali, yaya ƙafar Inna?

Na ji ka zauna a gabanta ka ce na mai da sunan Allah haja, wai don masana'antarmu tana ɗinka tutocin ƙasashe masu kalmar shahada. Har ta yi kuka. Sannu da ƙoƙari.

Ga abin da ba a gaya maka ba. Watan jiya rinin wasu korayen tutoci ya ɓaci, shugaban aiki ya miƙo mini almakashi ya ce, "Yanka su, a goge injuna." Na ce hannuna ba zai yanka shahada ba. Sai ya ɗauke ni daga kan keke, ya tura ni ɗakin rini. Lafiyata ƙalau, tarin ma da sauƙi, sai dai hannuwana sun yi kore, ko sabulu ba ya fitarwa.

Wa'azi daga inuwa ai da daɗi, Kawu. Allah ya ƙara girma, amma ka bar tsohuwa ta yi barci. In fatawa ce ta cika maka ciki, ni za ka aiko wa.

Ɗan ƙanwarka.