Keken da Ka Turo

Nima, Accra

Zuwa ga ƙanena Waris,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sanyin Jamus. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai raina a ɓace yake, kuma kai ne sanadi.

Kaya sun iso, na gode da zannuwa. Amma wa ya aike ka ka haɗo da keke? Gaskiya ne ni na faɗa maka likita ya ce Baban Shamima ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini. Motsa jiki na ce, ban ce ka turo wa mijina keke mai tayoyi kamar na babur ba. Mutumin da rabonsa da keke tun yana yaro, yanzu ya bi su Mas'udu, ɗan maƙwabcinmu. Kowace Lahadi sai su loda kekuna a kan trotro, motar haya, su nufi tsaunin Aburi, wai gudu a cikin daji. Hanyar ma ba hanya ba ce, sawun manoma ne, duk saiwoyi da duwatsu. Ranar farko da taɓo har gemu ya dawo, yana dariya yana koya mini cewa ba a damƙe birkin gaba a gangara. Ni mai koko da ƙosai, ina ruwana da birki?

Ka san hannunsa muke ci. A aikin wuyan riga na allura, Nima kaf ba mai kama ƙafarsa, ga Babbar Salla tafe, riguna sun cika shago. Na yi magana har bakina ya gaji. Ka kira shi ka hana shi, maganarka yake ji.

Yayarka,
Amama

Nima, Accra

Waris,

Sallama da fatan kuna lafiya. Ka gai da matarka, ita ba ta yi mini laifi ba.

Ba ka kira shi ba, to ga abin da ya faru. Yaran sun sha ce masa ya sa matsattsen wando irin nasu, ya ce shi dattijo mai tsayawa a sahun gaba ba zai nuna wa duniya cinyarsa ba. Da jallabiya yake hawa, ya tattare ta ya ɗaure a ƙugu. A wata gangara ɗaurin ya kwance, gefen rigar ya shige tayar baya, keken ya kafe, ya wuntsila ya dafa ƙasa da hannun dama. Wuyan hannun ya karye.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ya ƙi asibiti. Wai za su naɗe shi da filasta har Salla ta wuce, ɗori ya fi sauri. Wurin wani mai ɗori a Maamobi ya sa aka kai shi, ni ko labari ban ji ba sai da suka shigo da shi a ɗaure da kara. Salla ta zo hannu na nan a kumbure. Ni na ɗauki rigunan mutane gida gida ina mayarwa ina ba da haƙuri, wasu ko amsa gaisuwata ba su yi ba.

Keken kuwa na kulle shi a ɗakin gero, mabuɗin yana bakin zanena. Kada ka yi masa maganar wani keken.

Yayarka,
Amama

Nima, Accra

Ƙanena Waris,

Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya yara? Na ga saƙonninka, da gangan na ƙi amsawa.

Mun je asibiti daga baya. Ƙashin ya haɗe a karkace, babban yatsa da manuni ba sa matsewa. A gabana ya gwada, allura ta zame ta faɗi, ya sake ɗauka ta sake faɗuwa. Tun ranar bai taka shago ba. Kan benci yake wuni a ƙofar gida yana kallon kwata, jinin ya ƙara hawa, abinci sai na yi faɗa. Sau ɗaya ya tambaye ni mabuɗin ɗakin gero, na hana, bai sake tambaya ba. Da ya yi mini masifa da ya fi mini sauƙi.

Na ji tsoro, Waris. Allura ta riga ta tafi, ba zan zauna ina kallo mai allurar ya bi ta ba. Mas'udu ya ce sauran yatsun za su iya jan birki, kuma ya yi alkawarin hanya mai sauƙi za su bi. Na buɗe ɗakin. Tsohon wandonsa na ɗauka na kai wa wani tela a New Town ya tsuke ƙafafun, ni matar gwanin tela, ina tsaye a shagon wani ina cizon leɓe. Lahadin nan ya tafi, ya dawo ya cinye tuwo har da neman ƙari.

Ka turo masa hular kwano mai kyau da safar hannu. Amma kada ka kira ni tukuna, har yanzu ban huce ba.

Yayarka,
Amama