A Ba Babban Yatsana Hutun Juma'a

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gasar Ƙwallon Gem ta Unguwannin Jos,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Sunana Yakubu Dauda, tela a Rikkos, ɗan wasa a rukunin manya na wannan gasa ta ƙwallon da ake bugawa da yatsu a allon talabijin. Sau uku ina rubuta wannan wasiƙa ina yagewa, don tsoron kada laifin ya zama nawa. Da na duba littafin da nake rubuta al'amurana na kullum, sai na ga ba duka ne nawa ba.

Na ɗaya. Tsarinku na adalci ne: ranar Juma'a Musulmi su huta Kiristoci su buga, ranar Lahadi a juya, sauran kwanaki kowa ya buga. Amma sakataren jerin Juma'a ya ga sunan Yakubu Dauda ya ce nasu ne, na Lahadi ma ya ce nasu ne. Kun san garin nan, ba a tsare mutum a tambaye shi inda yake ibada. Sati shida ke nan ina bugawa kullum. Ina fitowa daga masallaci nake tsayar da Keke Napep zuwa Tudun Wada inda ake gasar, don wanda ya yi fashi sau biyu an cire shi, ni kuwa ban taɓa kaiwa wannan zagaye ba.

Na biyu. Babban yatsana na dama ya kumbura, allura ma ba ya riƙewa. Ranar Talata na ɗinka wa wani alhaji maɓallai huɗu a wuyan kaftani, ɗaya sama, ɗaya ƙasa, biyu a gefe, yadda maɓallai suke a abin dannawa na gem. Ya zo da kansa ya nuna mini. Abin da ya fi damuna, shekaranjiya na ci ƙwallo, abokin wasana Oga Emeka ya yi tsalle, ni hamma na yi.

Na uku, kuma nan ne laifina. Na je wurin sakataren Juma'a don in yi bayani. Kafin in buɗe baki ya rungume ni, ya ce duk cikin mutanensu babu mai zuwa kan lokaci kamata, har ya tambaya ko zan shiga mawaƙan cocinsu. Na ce zan yi shawara.

Saboda haka ina roƙo a sani ni Musulmi ne, a cire sunana daga jerin Juma'a, a kuma lallashi sakataren, mutumin kirki ne. Sai dai don Allah a bar mini makin da na samu a can. Na sake duba littafin: ban taɓa cin wasa ranar Lahadi ba.

Allah Ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira, Ya zaunar da Jos lafiya, Ya tsare yatsunku.

Wassalam.
Yakubu Dauda, Rikkos