Wayar da Aka Binne a Tsakar Gidana

Zuwa ga Alhaji, maigidan masu jan wayar kuran, wato lantarki, da suka yi aikin unguwarmu a nan Dakoro.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da iyali da yaran aikinka, waɗanda wasunsu a gabana suka koyi riƙon alli.

Ranka ya daɗe, a garin nan idan faktir, wato takardar kuɗin kuran, ya yi tsada, abu biyu muke cewa: ko kwantar da ke ƙirga wutar ta lalace, ko maƙwabci na sata. Ba mai duban ƙasa. Mun ɗauka waya in an binne ta, ta kwanta ke nan. Na yi ta sintiri shagonka ban samu ganinka ba, shi ya sa na rubuto a fili, don maganar ta wuce gidana.

Na ɗaya. Yaranka ne suka ja waya daga kwantar zuwa ɗakin mahaifiyata da ke ƙuryar gida. Na biya kuɗin tiyon roba da za a zura ta ciki, ba a sa ba. An binne ta haka nan, zurfin bai kai kamu ɗaya ba, kuma ta tsakar gida, inda kowane ɗan Dakoro ya san nan ake kafa turke.

Na biyu. Inna ta rasu da bazara, Allah ya jiƙanta. Muka cire ƙwan fitila da fanka, muka kulle ɗakin. Wani aminina Bafillace daga Bader Goula ya zo ta'aziyya da akuya, ya ba ni habbanaye, wato in riƙe ta amana har ta haihu, in ɗauki ƴaƴan, in mayar masa da uwar. Na kafa mata turken ƙarfe, ban san abin da ke ƙarƙashi ba.

Damina na sauka faktir ya fara hawa, har ya ninka. Da rana tsaka sai in kashe komai na gidan, in tsaya gaban kwantar, in ga jar fitilarta tana ƙiftawa, kamar akwai mai zaune a ɗakin nan yana shan iska. Akuyar kuma ta ƙi kwanciya. Takan ja igiya har ƙarshe, ta tsaya tana kuka. Matan unguwa suka ce tsohuwa ba ta bar ɗakinta ba. Mai ɗakina ta daina shara ta wajen. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, na san mamaci ba ya kunna fanka, amma ni ma ƙofar nan ta fara yi mini nauyin kallo.

Na uku. Babban makunnin da ke yanke wuta da kansa ya yi ta faɗuwa duk ranar da aka yi ruwa. Na aika, ka turo yaro. Bai tona ba, bai gwada komai ba. Ya tsallake makunnin da guntuwar waya, ya ce an gama.

Na huɗu. Wata safiya bayan ruwa mai yawa, muka iske akuyar a miƙe jikin turke, ta sandare. Na sa aka yanke wutar gidan, aka tona. Bakin turken ya yanki rigar wayar, wurin ya yi baƙi ƙirin. Duk watannin nan kuran na zuba cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kwantar kuwa ba ta san fanka ba, ba ta san ƙasa ba. Duk abin da ya wuce ta gabanta ƙirga shi take, mai gida ya biya. Ashe faktir ɗin gargaɗi yake yi mana.

Alhaji, ga abin da ya hana ni sakat. Kullum bayan la'asar yaran unguwa masu shirin jarrabawa suna zuwa in yi musu bita. Tabarmarsu ba ta da nisa da turken. Ba da takalmi suke zama ba, in sun gaji ma jingina suke da turken. Yanzu na dakatar da bitar, amma duk sanda na ratsa tsakar gida sai in riƙa ganinsu zaune a wurin, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu.

Ba kuɗi nake nema ba. Aminina kuwa ni zan je in dubi idonsa in gaya masa. Roƙona shi ne ka sa a tono duk wayar da yaranka suka binne a unguwar nan, a sa ta cikin tiyo, a zurfafa, a nuna wa kowane mai gida inda ta bi. Duk makunnin da aka tsallake a mayar da shi aikinsa. Damina ba ta ƙare ba, kuma gidajen nan cike suke da yara.

Ku kuma ƴan'uwa masu karanta wannan, ku gwada yau. Ku kashe komai, ku zare duk abin da ke jone, ku tsaya gaban kwantar. In tana ci gaba da ƙirga, ku janye yara da dabbobi daga tsakar gida, ku kira wanda ya san aikin. Kada ku tona da hannunku.

Allah ya yi wa sana'arka albarka, Alhaji, ya ba ka ikon gyarawa, ya sa kada hannunka ya zama sanadin kukan wata uwa.

Wassalam.

Naka, malamin lakwal na unguwar, Dakoro.