Abin da Ya Bi Iska daga Masana'antar Fenti

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka, ni da ko gaisuwa a waya sai Inna ta tura mini ita a kunne. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara girma, ya sa albarka a aikinka. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Kaka ta yi sauƙi har tana zuwa bakin ƙofa ta yi faɗa da yara masu ƙwallo, Baba kuma ya koma aiki.

Kawu, maganar aikin makarantar nan ce da labarinsa ya iso maka. Malamar kimiyya ta raba mu biyu-biyu, ta ce mu ƙiyasta sinadaran da masana'antar fentin bayan makarantarmu take fitarwa. Aka haɗa ni da Tsuntsuwa, 'yar Baffa, wadda muke aji ɗaya, muke kwana ɗaki ɗaya. Duk 'yan ajinmu suka kwashi kwalabe suka nufi magudanar ruwa, saboda ruwan yau ja ne gobe shuɗi, ido yana gani. Ni kuwa abin da ya dame ni warin nan ne da yake shigo mana aji da rana, har ido ya yi yaji. Sai na tuna zuwanka na ƙarshe, kana bayyana wa Baba aikinka ina wanke kofuna a gefe. Ka ce duk abin da ya shiga masana'anta dole ya fita ta wata hanya, in ba a cikin kaya ba, to a shara, ko a ruwa, ko a iska.

Don haka na ce mu je wurin mai kula da siton masana'antar. Ya gaya mana yawan gangunan sinadarin tsinka fenti da suke shigowa a wata, da wanda yake tafiya a cikin gwangwanayen fenti, da wanda motar shara take kwashewa. Na cire wannan daga wancan, sai ga saura mai yawa da ba wanda ya san inda yake zuwa. Da muka leƙa ɗakin haɗa fenti, na ga manyan tukwane a buɗe, fanka tana kora tururin ta taga, tagar kuwa tana kallon ajinmu.

Ranar gabatarwa manajan masana'antar da kansa ya zo. Da na miƙe, harshena ya yi nauyi, sai na ƙare da riƙe kwalin da muka yi zane a kai. Tsuntsuwa ta yi bayani tiryan-tiryan, har ta ce wa manaja hancinmu ya biya kuɗin fentin da bai saya ba, kowa ya yi dariya. Yanzu an yi wa tukwanen murfi, warin ya ragu sosai. A hoton da aka manna a allon sanarwa tana gaisawa da manaja, ni kuma yatsuna kawai ake gani a gefen kwali. Kaka ta ce ko ba komai yatsun sun yi kyau.

Ba zan zalunce ta ba, Kawu. Ba don bakinta ba da mai gadi bai bar mu mun wuce ƙofa ba, kuma duk inda ta yi magana cewa take yi mu biyu muka yi. Mutane ne ba sa jin wannan ɓangaren. Amma da ka bugo ka ce a turo maka yarinyar da ta yi aikin ta yi dogon hutu a wurinka, ta ga yadda kuke auna hayaƙi, kowa sai ya juya ya kalle ta, har Inna. Tun ranar ko ƙarar zif ɗin jakarta na ji sai in bar mata ɗakin. Ta roƙe ni in koya mata lissafin don kada ka tambaye ta ta ji kunya, na koya mata, amma raina bai so ba, kuma na san hakan ba kyau. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to ni dai nawa dutsen har yanzu ko zafi bai yi ba.

Ban ce a fasa da ita ba, domin ta riga ta gaya wa duk ƙawayenta. Ni dai ina so in zo, Kawu. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kai. In ɗakin ba zai ɗauki mutum biyu ba, na saba kwana a ƙasa, kuma ba ni da ci da yawa.

Ka gaishe mini da Anti da 'yan biyu da Auta. Inna da Baba suna gaisuwa, ko da yake ba su san na rubuto ba. Ko amsar ta zama a'a, ina roƙon ka yarje mini in sake rubuto maka, don a takarda muryata tana fita.

'Yarka,
Shiru-shiru