Sarki Mai Kanta a Hannu

Yayata,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Ya aikin asibiti, ya yara? Ni jiki lafiya lau, zuciya ce a jagule.

Kin san hoton Almasihu Sarki da aka ba ni in zana don bangon sabuwar majami'armu. Wata uku ina kansa, har allunan shagunan mutane na jingine. Na sa masa kambi da jar riga. Da na zo kan hannaye sai na tsaya cak, don hannun kafinta ɗaya na sani a duniya. Na zana na marigayi Baba: kantar nan, farcen da guduma ta fasa, tabon zarto a babban yatsa.

Jiya dattawa suka zo dubawa. Shugaban kwamiti ya gyara tabarau ya ce, "Wannan sarki ne ko lebura? Wanda annabawa suka yi alkawarinsa ne zai zo da hannu kamar bayan kada?" Sun ba ni zuwa Asabar in shafe hannayen, in yi masu santsi da zobba, ko su nemi wani mai zane. Allon ma an fitar da shi bayan gini, gefen tulin yashi.

Yaya, ba mu da hoton Baba ko ɗaya. In na shafe, shi ke nan. In na ƙi, wa zai ƙara kirana aiki?

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Salama. Yara na gaishe ka, suna tambaya ko har yanzu kana warin fenti.

Na yi kuka, sannan na yi dariya har abokiyar aikina ta leƙo. Haba Auta! Shi Almasihu kansa da ya zo, ba raina shi suka yi don ya tashi a gidan kafinta ba? Suna jiran mai doki da takobi, sai ga mai ƙurar katako a ka, suka fitar da shi bayan gari. Kai naka bayan gini kawai aka kai, kake ta kumbure-kumbure. Ai dattawanku sun shaida maka hoton ya yi kama.

Ka taɓa hannayen nan, ni da kai ne. Ni na goya ka, kuma ban manta inda kunnenka yake ba.

Yayarka

Yayata,

Gaisuwa da murna! Zauna tukuna.

Ba zan ɓoye miki ba, ranar Asabar da gwangwanin farin fenti na tafi, tsoro ya ci ni. Ina zagayawa bayan gini sai na tarar magina sun ɗora allon kan bulo, sun kifa masa kwanon rufi saboda ruwan sama. Tsohuwar da ke ɗebo musu ruwa ta aza tafinta kan tafinsa tana cewa, "Ashe ya san aiki, Ubangijina."

Sai ga shugaba, ya ce in shafe yanzu-yanzu. Na ajiye gwangwanin na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya ba." Babban magini ya miƙa masa hannayensa biyu ya ce, "Dattijo, irin waɗannan ne suka tada bangon. In ba su dace da ciki ba, mu ma a waje za mu yi sujada." Fasto, wanda ya zo tare da shugaba, ya ƙare wa hoton kallo, ya ce a shiga da shi.

Tsohuwar ta ce, "Dakata, mai zane. Ina gurbin ƙusa?" Yaya, na manta! Wata uku! Na buɗe jan fenti na ɗiga a tafin Baba, hawaye ya hana ni ganin abin da nake yi.

A kafaɗa magina suka ɗauki allon, da siminti a jikinsu, suna waƙa har masu shaguna suka fito. Shugaba ya tafi yana gunaguni, bai ko amsa gaisuwata ba. Oho dai! Sarki ya shiga gidansa.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Halleluya! Maganar farin fenti kuwa, kunnenka na nan yana jirana.

Muna tafe ran Lahadi. Ka kama mana bencin gaba, yara ba su taɓa ganin hannun kakansu ba.

Yayarka