Murmushin Bayan Mutuwa

Zuwa ga mahaifiyata Amma,

Gaisuwa da durƙuso. Ya ciwon ƙafar? Ya 'yar'uwata Ponnuthayi da jaririnta? An samu ruwa a garinmu Usilampatti kuwa? Ni dai lafiyata ƙalau a Chennai, kar ki sa komai a ranki.

Har yanzu ina wurin Sembiyan, wanda yake shirya fim kuma ya fito jarumi da kansa. Shi ma shekara goma ya yi yana shan duka a finafinan wasu kafin ya zama wani, shi ya sa ba ya yarda da dukan ƙarya. Ranar Talata aka ɗauki wurin da zai kashe ni. Ya ɗaga sarƙar keke ya zabga min a baki. Haƙora uku suka zube, jini ya wanke min riga, na kwanta ban ko motsa ba.

'Yan fim suna da al'ada: wanda ya mutu a fim sai ya tashi ya yi wa kyamara murmushi, don kar mutuwar ta bi shi gida. Sembiyan ya tsaya a kaina ya ce, "Tashi ka yi dariya, ƙanena! So kake uwarka ta tsine min?"

Na ce, "Yaya, da wane bakin?" Na dai yi.

Ki aiko min da garin kunu, tauna tana ɗan ba ni wuya. Allah ya ƙara miki lafiya.

In fim ɗin ya zo garinmu, kar ki je. Mutuwar suke nunawa, murmushin yanke shi suke yi.

Ɗanki,
Irulandi