Fulogi na Huɗu

Litinin, 17 ga Afrilu

Bapak, surukina, ya canza wa mota fulogi yau, kamar yadda yake yi duk shekara kafin a tafi ƙauye Sallah. Injin a ƙarƙashin kujerar gaba yake, sai an ɗaga ta. Ya shimfiɗa tabarma, ya jera sifanu daga dogo zuwa gajere kamar ɗalibai a layi. Shekara talatin ya yi yana koyarwa, har yau da yatsa yake magana.

Na ce ko in riƙe masa wani abu. Ya ce, "Mai kifi, hannunka duk mai ne." Wata takwas ina gidan nan, bai taɓa ce min Narto ba. Aji shida na tsaya, tarwaɗa nake soyawa a bakin titi, na kuma auri 'yarsa Lastri mai takardar jami'a. Laifi uku kenan.

Ya kore ni, ya ja ƙofar gareji. Da ya gama ya tayar, mota tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Wai sababbi ne, sai sun saba.

Ni dai tsofaffin fulogi uku na gani a kan tabarma, alhali huɗu injin yake da su. Ƙila azumi ne.

Talata, 18 ga Afrilu

An fita gwaji. A ɗan tudun bayan masallaci ta tsaya tana tari, mai keke ya wuce mu har da sallama. To ina ga duwatsun Wonogiri, can hanyar ƙauye?

Pak Kusno maƙwabci ya leƙo ta katanga: "Malam, a sa mata sirdi ne ko a kira liman?" Bapak ya yi murmushin nan nasa mai ciwo.

Makanikai duk sun rufe, sun tafi garuruwansu. Tikitin bas ya ƙare tun makon jiya. Da yamma Mbah Sumi ta kira, mahaifiyar Bapak, shekara casa'in da ɗaya. Ta ce wannan ce Sallarta ta ƙarshe. Lastri ta ce duk shekara haka take faɗa. Amma bana sai da aka riƙe mata wayar. Bapak bai ci komai ba da shan ruwa, shayi kawai, sannan ya je ya tsaya gaban kejin kurciyarsa kamar ita ce za ta ba shi shawara.

Jibi da yamma ko Juma'a da asuba dole a kama hanya.

Laraba, 19 ga Afrilu

Ibu, surukata, tana kankare kwakwa ta ce in sauko mata da jan gwangwanin biskit daga saman kabad. Ba mahaluƙin da ke buɗe gwangwanin biskit a gidan mutane yana sa ran biskit. Ko ƙanzon shinkafa soyayye, ko zare da allura. Na buɗe.

Fulogi. Sababbi ƙal, kowanne a kwalinsa. Goma sha ɗaya.

Ibu ko ɗago kai ba ta yi ba. "Au, ba wannan nake nufi ba. Amma tunda ka buɗe." Ta ci gaba da kwakwarta.

Shekarar motar goma sha ɗaya a gidan. Wato kullum huɗu yake saye, ya sa uku, ya ɓoye ɗaya.

Da Bapak ya tafi azahar na ɗaga kujera na duba. Ban ga laifinsa ba wallahi. Na huɗun can ƙurya yake, bayan wani bututu, ƙarƙashin ƙarfen da ake taka ƙafa. Ido ba ya kaiwa. Hannu yana kaiwa, amma sai ka kwanta a gicciye, kunci a kan giya, ka lanƙwasa wuyan hannu kamar mai satar nama a tukunya. Hannun Bapak kuwa kamar buhu.

Ina yaro a gonar shinkafa haka muke kama tarwaɗa a rami. Ba a kallo. Ka rufe ido ma ya fi, yatsu su yi gani.

Na faɗa wa Lastri. Ta dafe ƙirji. "Mas," haka take kirana, "idan ka nuna masa ka sani, zai gwammace mu tafi Wonogiri da ƙafa." Gaskiya ne. In gyara a ɓoye kuma ba hali, makullin gareji a ƙugunsa yake kwana, yau ma sa'a aka yi ya manta.

Na ɗiga wa tsohon fulogin kananzir ya kwana yana sha. Na zari sabo ɗaya daga gwangwani. Allah Ya yafe.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Da hantsi na same shi wajen kurciya, na rusuna. Na ce, "Bapak, ina so in koyi wani abu. Ukun nan ko yaro zai iya. Na huɗun ne aikin manya. Ko za a nuna min yadda ake yi? Na samo sabo don koyo."

Ya daɗe yana kallon fulogin. Ya kalli saman kabad ta taga. Ya kalle ni. Na kalli ƙasa har na haddace tururuwan wajen.

"To," in ji shi. "Ilimi ba a hana shi."

Kafin mu ɗaga kujera unguwa ta taru. Kowa yana hutu, kowa yana azumi, ba abin yi. Pak Kusno ya zo da kujerarsa. Bapak ya tsaya a kaina da madubin hodar Lastri a hannu ɗaya, tocila a ɗaya, yana ba da darasi kan wurin da bai taɓa gani ba.

"Hagu. A'a, hagun injin. Yanzu ka saurari ƙarfen."

Na ce to, Bapak. Idona a rufe.

Sifana ta shiga, ta kama. Na murɗa, shiru. Na ƙara, shiru. Shekara goma sha ɗaya ba wasa ba. Idan ya karye a ciki, Sallah a nan Semarang za mu yi ta. Na riƙa yi masa kamar yadda ake yi wa kifi mai taurin kai: kaɗan gaba, kaɗan baya, a bar shi ya huta. Sai kan sifanar ya zame ya faɗa cikin inji, ƙwal, ƙwal, ƙwal, sau uku, bai fito ta ƙasa ba. Wani zagi ya zo min har leɓe na haɗiye shi. Sai na tambayi liman ko wannan haɗiyar tana karya azumi.

Pak Kusno ya ce a ɗaga motar a girgiza. Wani ya ce a karanta Fatiha. Ibu ta fito ta miƙo min maganaɗisun da take tsince allura da shi, ɗaure a zare. Na yi fatsa. Wannan kam sana'ata ce.

Wajen la'asar ya ce ƙiiit, ya juya. Na zaro shi da yatsu biyu. Baƙi ƙirin, bakinsa ya cinye kamar haƙorin tsohuwa, ko irin waɗanda Bapak yake saye ba shi ba ne. Duk wanda ya gan shi ya san ba na bara ba ne.

"Kawo mu gani!" in ji Pak Kusno, har ya miƙe.

Hannuna yana cikin inji tukuna. A aljihun rigata akwai ɗaya daga cikin ukun da aka cire ran Litinin, tun safe na tanade shi. Na yi kamar kafaɗata ta riƙe, na juya, na yi musaya. Na miƙa masa.

Ya jujjuya shi. "Ai wannan da sauransa. Malam, ashe kana kula da ita."

"Duk shekara," in ji Bapak. Shi a kaina yake tsaye, ya ga komai.

Sa sabon ma wani aiki ne, yatsu ba sa iya juya shi a wurin, kuma idan ya shiga a karkace ya cinye haƙoran ramin an gama. Na yanko guntun tiyon ban ruwan Ibu, na cusa kan fulogin a ciki, na murza daga nesa a hankali har ya zauna. Bapak ya ce wa jama'a, "Wannan dabarar tsohuwa ce." Yau aka haife ta.

Ya tayar. Tsit, sai wani gurnani mai laushi kamar kyanwa ta ƙoshi. Bapak da kansa ya tsorata, ya leƙa ko a kashe take.

Gwiwar hannuna duk ta saɓule. Lastri tana shafa min magani tana dariya har da hawaye.

Juma'a, 21 ga Afrilu

Awa tara a hanya saboda cunkoso. Ta hau duwatsu ba tari ko ɗaya. Mun wuce mai keke, na yi masa sallama.

Asabar, 22 ga Afrilu, Sallah

Bayan Idi aka jeru neman gafara, babba kafin ƙarami. Bapak ya durƙusa ya kifa fuska a gwiwar Mbah Sumi, ya daɗe, kafaɗunsa suna motsi. Ta shafa kansa ta ce ya yi furfura bai gaya mata ba. Ni kuma ta riƙe hannuna ta shinshina, ta ce wannan yaron kananzir yake sha?

Da na durƙusa gaban Bapak na fara, "Ina neman gafarar abin da na yi a fili da a ɓoye," sai ya matse min kafaɗa. A kunne ya ce, "Na ɓoyen nan, a bar shi a ɓoye."

Laraba, 26 ga Afrilu

Mun dawo jiya. Na tarar da jan gwangwani a kan katifarmu. Fulogi goma, da sifanar, da makullin gareji. Ba takarda, ba bayani.

Da safe ina wanke kifi na ji shi ta katanga yana ce wa Pak Kusno, "Narto namu hannu gare shi. Ni na koya masa."

Ba wani abu ba ne. Suna ne kawai, kowa yana da shi.

Mai ɗakin hayar da na yi wa magana kafin azumi, don mu tashi daga gidan nan, ya kira sau biyu. Ban ɗauka ba, hannuna da mai. Fulogi goma dai shekara goma ne, kuma dole wani ya zauna ya sa su.